Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Bikin Apple Da Aljihun Ɗalibin Zamfara

 

Ranar Asabar ɗin da ta gabata na kai wayata gyara a Bebeji Plaza da ke Gusau, saboda batirinta ya fara kumbura. Mai gyara ya ce in ba shi awa guda, don haka na samu benci na zauna. A gefena wasu matasa biyar sun kaure da gardama, har jijiyar wuya ta tashi. Da farko na zaci maganar ƙwallo ce ko ta siyasa. Da na kasa kunne, sai na ji ashe kamfanin Apple na ƙasar Amurka ake yi wa lissafi. Ranar 1 ga Afrilun 2026 kamfanin zai cika shekara 50 da kafuwa, kowannensu kuma yana da tabbacin abin da za a fito da shi domin bikin. Na farko ya ce waya ce wadda ake ninkewa kamar littafi. Na biyu ya ƙaryata shi, ya ce kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai araha, wadda za a saka mata ƙwaƙwalwa irin ta iPhone. Na uku ya rantse cewa gilashin ido ne mai magana. Na huɗu ya ce duk sun yi gaggawa, babban kaya sai 2027, lokacin da iPhone za ta cika shekara 20. Na biyar dai bai ce uffan ba, yana ta nuna musu hotuna a wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Ba zan ɓoye ba, hirar ta yi mini daɗi. Ɗan Adam yana son kintace. Manomi yakan dubi gabas ya yanke wa damina hukunci tun ba a yi shuka ba, masoya ƙwallo kuma sukan sayar da ɗan wasa su saye shi a teburin mai shayi tun ƙungiyarsa ba ta sani ba. Da a ce abin ya tsaya a hira, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hasashen ya taso daga benci ya shigo cikin gidanmu, ya kuma taɓa kuɗin gumi.

Ina da ɗan ƙanwa da ke ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Mahaifinsa manomi ne a Tsafe. Da kaka ta yi, ya sayar da waken soya da wani sashe na masararsa, ya haɗa naira 350,000 ya damƙa wa yaron, domin ya sayi kwamfutar da zai rubuta kundin bincikensa na kammala digiri. Wanda ya san halin da noma yake ciki a yankin Tsafe a 'yan shekarun nan, inda zuwa gona mai nisa ya zama sai an yi shahada, ya san nauyin wannan kuɗi. Wata biyu ke nan kuɗin na kwance a asusun banki. Yaron yana aron kwamfutar abokinsa da tsakar dare, malamin da ke duba aikinsa kuma ya fara ƙorafi. Mahaifin ne ya kira ni, ya ce, "Malam, ka yi wa ɗanka magana. Na ba shi kuɗi ya sayi abin karatu, ya ce mini wai sai an yi wani biki a Amurka. Mu ina ruwanmu da bikinsu?"

Na kira yaron na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, ba ka gane ba ne. An ce za su fito da wata MacBook da ba za ta wuce dala 600 ba. In na sayi tsohuwa yau, gobe sabuwa ta fito, ai na yi asara." Na ce masa, "Wa ya ce?" Ya ce kowa na faɗa. Wannan "kowa" shi ya kamata mu fara bincika.

Apple kamfani ne mai tsananin ɓoye sirri, ba ya faɗin abin da zai fitar sai ranar da ya tara 'yan jarida. Sai dai kayansa ba a ɗaki guda ake ƙera su ba. Ƙwaƙwalwar na'urorin a Taiwan ake yin ta, ana harhaɗa mafi yawan wayoyin a Sin da Indiya, ga ɗaruruwan ƙananan masana'antu masu yin gilashi da batir da kwanso. Ta waɗannan ƙofofi labari ke tsiyayowa. Akwai mutanen da bin diddigin wannan tsiyaya ita ce sana'arsu, irin su Mark Gurman na kafar Bloomberg da manazarci Ming-Chi Kuo. Su da kansu sukan ce "mai yiwuwa", sukan kuma janye magana in ta sauya. Daga hannunsu labari ke faɗawa hannun masu YouTube da TikTok, waɗanda abincinsu ya dogara ga yawan masu kallo. Sai a zana hoton na'urar da ba a ƙera ba, a yi mata kwalliya, a ɗora murya. Kafin labari ya iso Gusau ya bi ta baki biyar ko shida, a kowane baki kuma kalmar "wataƙila" tana ƙara sirancewa, har ta ɓace. Abin da ya fito daga Amurka a matsayin zato, a bencin Bebeji ya zama rantsuwa.

Tun da biki ake jira, bari mu duba abin da bukukuwan baya suka haifar, domin wanda ya san jiya ba a cika yaudararsa da gobe ba.

Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne ne suka kafa kamfanin a ranar 1 ga Afrilun 1976. Da ya cika shekara 20, ya ƙera kwamfuta ta musamman domin tunawa da ranar, mai suna Twentieth Anniversary Macintosh. Ba ta fito ba sai a 1997, wato bikin ya wuce da kusan shekara guda. Kyakkyawa ce, siririya, mai lasifikokin kamfanin Bose, aka sa mata farashin dala 7,499. Kimanin guda 12,000 kawai aka yi, duk da haka ta ƙi sayuwa. Kafin shekara ta zagayo an karya farashinta zuwa dala 1,995. Waɗanda suka yi rige-rigen saye da farko su suka ji a jikinsu. A wannan shekarar ta 1997 kamfanin ya tafka asarar sama da dala biliyan ɗaya, har sai da abokin hamayyarsa Microsoft ya zuba masa jarin dala miliyan 150. Abin da ya farfaɗo da shi wata kwamfuta ce ta gama-gari, iMac, wadda ta fito a 1998 a kan dala 1,299, ba tare da wani biki ba.

Jobs, wanda ya dawo kamfanin a wannan tsakani, ba mai son waiwaye ba ne. A 1997 ya sa aka kwashe tsofaffin na'urori da takardun tarihin kamfanin aka miƙa wa Jami'ar Stanford. Saboda haka da shekara 30 ta gabato a 2006, masoya suka yi ta kintace irin wanda na ji a Bebeji, ranar 1 ga Afrilu ta zo ta wuce shiru. Bayan kwana huɗu aka fitar da wata manhaja mai suna Boot Camp, wadda ke ba da damar saka Windows a kwamfutar Mac, shi ke nan. A 2016, da aka cika shekara 40, abin da aka gani shi ne ɗan gajeren bidiyo na daƙiƙa 40 da wata tsohuwar tuta da aka kafa a hedikwatar kamfanin. Inda masu hasashe suka dace shi ne 2017, shekarar da iPhone ta cika goma, aka fito da iPhone X. To, amma me ta zo da shi? Farashin dala 999, wanda ya buɗe ƙofar tsadar da har yau ba a rufe ba.

Mai karatu ya lura da darasin. A bukukuwa huɗu, biyu sun wuce ba sabon kayan biki, biyu sun zo da kaya masu ɗan karen tsada. Ban ce na bana dole ya bi sahun na baya ba, gaibu sai Allah. Amma mai jiran biki domin ya sami araha, tarihi bai ba shi dalilin jira ba.

Mu ɗauka ma zancen yaron ya tabbata, an fito da kwamfutar dala 600. Mu yi lissafi a kan naira 1,400 kowace dala. Ya kama naira 840,000 tun tana Amurka, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kuɗin waken soyar mahaifinsa bai kai rabin haka ba. Wayar dala 999 kuwa ta kusa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, wato albashin wata 20 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kuma kada mu manta yadda naira take. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye naira yana jiran kayan dala, caca yake yi da abu biyu a lokaci guda: shawarar kamfanin da bai san da zamansa ba, da farashin canjin da ba shi da iko a kansa.

Yaron ya kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma adalci ne in faɗe ta. Ya ce ko da bai iya sayen sabuwar ba, fitowarta za ta karya farashin tsofaffi. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar tana da doguwar tafiya. Mafi yawan na'urorin da muke amfani da su na hannu ne. Wani a Amurka ko Ingila zai yi aiki da su shekara biyu ko uku ya sauya, a tattaro su ta Dubai ko Sin, su sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja, su hau mota zuwa Farm Centre a Kano, daga nan su iso Gusau, sannan su gangara Tsafe da Bungudu. Saukin da aka samu a can, kafin ya biyo wannan hanya, canjin kuɗi da kuɗin mota da haɗarin hanyar Funtuwa zuwa Gusau sun cinye mafi yawansa. Abin da ya rage zai iya ɗaukar watanni kafin a gan shi. Kundin digiri kuwa yana da wa'adi, kuma jami'a ba ta jiran bikin kowa.

Akwai wani da wannan jira ke cutarwa wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne ɗan kasuwa. Wanda ya gyara mini waya yana da ɗan kwabar da yake sayar da na hannu. Ya ce mini, "Malam, duk lokacin da aka fara irin wannan surutu, ciniki sai ya tsaya. Mutum zai zo ya juya waya ya juya, ya ce bari dai a ga abin da za a fitar. Ni kuma jarina ne a kwance, ga kuɗin shago." Wannan cuta tana da suna a tarihin kasuwancin kwamfuta. A 1983 kamfanin Osborne na Amurka ya yi shelar sabuwar kwamfuta tun ba ta kammala ba, dillalai suka ja baya daga sayen wadda ke kasuwa, a watan Satumbar shekarar kamfanin ya durƙushe. Masana sun ce akwai wasu dalilan da suka taimaka, amma har yau ana kiran abin da sunan Osborne. Manyan kamfanoni sun koyi darasin, shi ya sa suke kame bakinsu. Ɗan ƙaramin ɗan kasuwa na Gusau ba shi da yadda zai kame bakin TikTok.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yayin da matasanmu suka haddace jita-jita, akwai tabbatattun labarai da suka shafi aljihunsu kai tsaye, waɗanda ba su dame su ba. Ga kaɗan daga ciki. Tun daga Nuwamban 2020 Apple ya fara barin ƙwaƙwalwar kamfanin Intel ya koma tasa, wadda ta fara da M1. A watan Yunin 2025 ya sanar cewa babbar manhajarsa ta macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau kan kwamfutocin Mac masu Intel. Ma'ana, tsofaffin MacBook masu sheƙi da ake ta turo mana yanzu, da yawansu ƙarshen hanyarsu ya kusa. Haka nan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Wayoyin iPhone da aka yi wa kasuwar Amurka, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, ba su da ramin saka layi, sai layin eSIM. Sannan wayar da mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, in ta kulle, ta zama dutse. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata mai saye ya riƙe: wace shekara aka ƙera ta, wace ƙwaƙwalwa ke cikinta, shekara nawa ya rage mata tana karɓar sabuntawa, yaya lafiyar batirinta, kuma in ta lalace akwai kayan gyaranta a Gusau ko sai an kai Kano? Ba a cinikin biri a sama.

Mu a Zamfara muna da wani darasi da ba kowa ke da shi ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ba ta samu ba sai a farkon Oktoba, sauran yankuna kuma suka ƙara makonni. A waɗannan kwanaki mai wayar miliyan da mai 'yar rakani-kashi duk ɗaya suka zama, wasu sai sun fita jihar kafin su kira 'yan'uwansu. A nan muka gane cewa darajar na'ura tana rataye ne ga abin da ke kewaye da ita: sabis, da wutar caji, da kuɗin data, da mai gyara, da kuma zaman lafiya.

Wani abokina malamin sakandare a Bungudu ya ƙara mini haske. Ya ce tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, duk shekara yana fama da ɗaliban da ba su taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai ana saura 'yan kwanaki. Da tsohuwar kwamfutarsa guda ɗaya yake koya musu, bi da bi, in an samu caji. Ya ce wasu daga cikin yaran nan za su iya lissafo maka sunayen iPhone daga ta farko har ta bana, amma ba su san yadda ake buɗe shafi a rubuta wasiƙa ba. Ilimin sunaye ya yi yawa, ilimin aiki ya yi ƙaranci. Tsohuwar kwamfutar wannan malami, mai ɗaurin salatif a gefe, ta shigar da yara jami'a fiye da duk wata na'urar da ake mafarkinta a Bebeji. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada a fahimce ni a matsayin mai hana matasa sha'awar fasaha. Sha'awa ita ce mafarin sani, kuma kamfanin da ake ta magana a kansa da sha'awa ya fara. Sai dai a duba irin sha'awar. Wozniak matashi ne da ya so mallakar kwamfuta ba shi da kuɗinta, sai ya zauna ya zana tasa. Ya riƙa kai ta wani taron masu sha'awa da ake kira Homebrew Computer Club, wanda aka fara a 1975, yana raba wa mutane zanen kyauta. Da za su fara sana'a, shi ya sayar da na'urarsa ta lissafi, Jobs ya sayar da motarsa ƙirar Volkswagen, suka haɗa jari. Kwamfutarsu ta farko allo ne tsirara, ba kwanso ba madannai, a kan dala 666.66. In akwai magadan wannan hali a Gusau, to su ne yaran da na gani sun sunkuya a kan buɗaɗɗiyar waya da dalma da abin hura zafi, suna bin layin wuta ɗaya bayan ɗaya. A cikin matasa biyar na kan benci, da ɗaya zai tashi ya koma bayan teburin mai gyara ya ce a koya masa, da bikin Apple ya yi mana rana.

Mu ma muna da namu bikin a tafe. Ranar 1 ga Oktoban 2026 Jihar Zamfara za ta cika shekara 30 da cirewa daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Har na bar kasuwar ban ji wanda ya yi kintacen abin da wannan biki zai kawo ba. Ina ma a ce gardamar da za a yi ita ce: makarantun sakandare nawa ne a Tsafe da Bungudu za su sami ɗakin kwamfuta mai sola kafin ranar? Wannan hasashe ne da muke da bakin magana a cikinsa, domin waɗanda za su cika shi ko su saɓa, mun san ofisoshinsu, kuma ƙuri'armu suke nema.

Game da ɗan ƙanwata, na zaunar da shi muka yi wannan lissafi da biro da takarda. Bai ji daɗi ba, ya ce ni tsohon yayi ne. Na ce na yarda. Ranar Litinin muka koma kasuwa tare da wani abokinsa da ya san kan na'ura, muka duba guda huɗu, muka zaɓi wata ta hannu mai ɗaukar Windows 11, mai lafiyayyen batir. Canjin da ya rage ya sayi data da ƙaramin ma'ajin adana aikinsa. Ba ta da tambarin tuffa a bayanta, kuma na ga yana ɗan rufe ta da jaka in abokansa na kusa. Amma jiya ya turo mini babi na biyu na kundinsa in duba masa, mahaifinsa kuma ya kira ya yi godiya.

Ranar 1 ga Afrilu, in Allah Ya kai mu, ni ma zan leƙa in ga abin da aka fitar, zan kuma koma bencin Bebeji in ji wanda ya ci gardama. Kallo halal ne. Abin da nake roƙon ɗalibanmu shi ne kada kuɗin gumin iyaye ya zauna jiran gawon shanu saboda maganar da mai ita ma bai tabbatar ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya.